Ƙaruwar Gudu a Harshen Gida

Cikin darussan fizik da nake koyarwa a Dogon Dutsi, babu wanda ya fi nuna mini tazarar da ke tsakanin hadda da fahimta kamar wannan ɗan layi: v = v₀ + at. Ma'anarsa, gudun ƙarshe daidai yake da gudun farko in an tara masa ƙaruwar gudu sau lokaci. Ɗalibai kan rera shi tamkar karatun allo. Da zarar an ce su ware a ita kaɗai, sai aji ya yi tsit. Mai ƙarfin hali ya ce da Faransanci abin da ya ƙetare yakan sake alama, a tambaye shi dalili, ya sunkuyar da kai.

Dalilin kuwa yana cikin kasuwa. Alamar daidai sikeli ce: abin da ka ɗebe a dama, wajibi ne ka ɗebe shi a hagu. A cire v₀ daga ɓangarorin biyu, saura v − v₀ = at. A raba kowanne da t, sai a = (v − v₀)/t. Motar da ta tashi daga Kore Mairuwa ta nufi Doso, in ta kai kilomita 72 a awa, wato mita 20 a sakan, cikin sakan 10, to kowane sakan tana ƙara mita 2 a sakan bisa gudunta. In direba ya taka birki, v ta gaza v₀, amsa ta fito da alamar ragi: raguwar gudu ke nan.

Wannan dabara ta daidaita ɓangarori Al-Khawarizmi ya tsara ta a Bagadaza wajen shekarar 820, ya kira ta aljabaru, ƙarni takwas kafin Galileyo ya wallafa ƙa'idar faɗuwar abubuwa a 1638.

An buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram a 1973, a 2025 kuma Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Amma matsayi a takarda ba ya koyar da yaro. Wani malami ya ce "hanzari", wani ya ce "sauri", alhali duka biyu gudu suke nufi, ba ƙaruwarsa ba. Ya kamata malaman Arewa da ƙungiyoyin raya al'adu mu zauna mu tsayar da kalma ɗaya, domin ɗan Matankari da ɗan Tibiri su ji abu guda.