Daga Agege Zuwa Garken Baffa a Bakin Iyaka

A Agege aka haife ni. Shanun da na sani tun ina yaro su ne waɗanda tirela ke saukewa a mayankar Oko-Oba, a galabaice, ƙahonninsu ɗaure da igiya. Mahaifinmu yakan nuna su ya ce, "Wasunsu daga gida suke." Sai bana Allah Ya nufa na taka gidan, na je gai da ƙanensa, Baffa, a garkensa da ke tsakanin Maigatari da Sule Tankarkar.

Ranar Alhamis muka bar Kano bayan sallar asuba, ana tsakiyar rani. Muka wuce Gezawa, muka karya da ƙosai a Gujungu. Da muka shiga ƙasar Gagarawa sai rairayi ya mamaye ko'ina, a nan na gane inda jihar Jigawa, da aka ƙirƙiro a 1991, ta samo sunanta. Komai ya bushe ƙayau, amma ga wasu manyan itatuwa kore shar. Na tambaya aka ce gawo ne: da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi sabo, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne. Ni da na tashi inda ciyawa ba ta bushewa, na daɗe ina waiwayensa.

Gumel, wadda ake kira Lautai, ratsa ta kawai muka yi, don Baffa na jiranmu a kasuwar Maigatari, wadda ke ci duk Alhamis a bakin iyakar Nijar. Wallahi ban taɓa ganin dabbobi haka ba. Ga fararen bunaji, ga jajayen rahaji masu ƙaho kamar an buɗe hannuwa, ga raƙuma a durƙushe suna tuƙa. Buzaye cikin rawani, Fulani da sanda a kafaɗa, Barebari, fataken Kudu, ana cin ciniki da naira da sefa. Na tsaya kusa da wani dillali yana taya wani bijimi, mai shi na ta cewa "albarka", har aka kai inda ya sallama. Can gefe kuma ana loda tireloli irin waɗanda nake gani a Agege.

Da Baffa ya gan ni sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki. "Ɗan nan, kamar ubanka ya yi kaki ya tofar," in ji shi. Na durƙusa na gaishe shi a cikin ƙurar nan.

Daga kasuwa babu sauran kwalta. Sau biyu akori-kurar da muka hau tana kafewa a yashi, muna sauka muna turi. Bayan la'asar muka iso, muka tarar ana shayarwa. Wannan rijiya ita ta fi tsaya mini a rai. Raƙumi ne ke jan guga. Wani yaro ya kora shi, na bi su ina ƙirga taku, sai da na kai 60 kafin gugan ya leƙo bakin rijiya. Aka juye a kwami, shanu uku suka shanye kafin raƙumin ya juyo. Haka ake yi har garke duka ya ƙoshi, kullum, sai ruwan sama ya sauka. Na taɓa tafin hannun ɗan Baffa, wanda sa'ana ne, na ji shi kamar ƙirgi. Duk naman da na ci a Legas ban taɓa tunanin wannan hannun ba, kuma a ganina mutanen da ke ciyar da birane da nama sun cancanci mashaya mai famfo.

Da almuru aka ɗaure maruƙa a dangwali, Gwaggo ta tsuguna da ƙwarya tana tatsa. Baffa ya kira wata saniya da sunanta, ta baro garke ta zo tana lasar hannunsa. Ya ce jikar saniyar mahaifinmu ce, da ya bari lokacin da zai tafi Kurmi. Aka dama mini fura da kindirmo, na sha a kan tabarma, taurari sun cika sama fal.

'Yan'uwana da aka haifa a Kurmi, wanda duk ke da dangi a ƙasar Gumel ya daure ya je. Ya saita tafiyarsa ta faɗa ranar Alhamis, ya kuma kwana a garke.