Inda ƙugiya ke kwana

A fadamar Haɗejiya, ana iya gane gwanin masunci tun kafin ya taka ruwa, daga yadda yake ajiye mamarinsa. Doguwar igiya ce mai ɗauke da ɗaruruwan ƙugiyoyi, kowacce a kan ɗan guntun zarenta. Idan aka naɗe ta cikin gaggawa, ƙugiya takan kama 'yar'uwarta, zare ya sarƙe, mutum ya ɓata hantsi guda yana warwara alhali abokan sana'a sun yi nisa a kwalekwale. Shi ya sa gwani ke saƙale su ɗaya bayan ɗaya, bisa jerin da za su shiga ruwa, kuma ba ya kai su ɗaki sai sun sha iska. Danshi ne maƙiyin ƙarfe. Tsatsa takan dakusar da tsini a ɓoye, sai ranar da babbar tarwaɗa ta kufce a gane ɓarnar.

Masu fatsar nishaɗi a Ingila da Amurka sun san wannan damuwa, ko da yake ba cikinsu suke ci da ita ba. Sukan ɗaura gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya har ta yi kama da ƙwaro, su jera irin waɗannan a ƙananan akwatuna masu soso, kowanne da gurbinsa gwargwadon girma da irin ƙwaron da yake kwaikwayo. Su ma ba sa rufe akwati a kan jiƙaƙƙe. Wanda ya yi sakaci a can, nishaɗin yini ɗaya ya rasa.

Asarar masuncin Haɗejiya ta fi haka nauyi. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamu ta ragu, zuwanta kuma ya rataya a kan sakin ruwa daga sama kamar yadda ya rataya a kan damina. Ga kachala ta toshe hanyoyin ruwa da dama har zuwa Nguru, igiya kuwa ba ta shimfiɗuwa cikin irin wannan duhuwa. Wuraren kafa mamari sun yi kaɗan, masu nemansu sun yi yawa. Wanda ƙugiyoyinsa suka kwana a jere shi ke riga kowa isa gurbi mai kyau da asuba, kafin dillalan kasuwar kifi ta Haɗejiya su fara taya na ranar.