Layi biyu na caji tsakanin Dareta da Anka

1/ Tun jiya nake ganin ana gardama kan ƙaramin famfon tayar nan mai caji, wasu na cewa kayan 'yan gayu ne kawai. Na yi shiru ne saboda ni ma ina da laifi a labarin da zan bayar. Amma bari dai in faɗa. Zai yi tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare.

2/ Ni ɗan Dareta ne, ƙaramar hukumar Anka. Ina aji uku a Jami'ar Tarayya ta Gusau. In ka taɓa jin sunan garinmu, to ko dai a labarin gubar dalma ta 2010 ka ji shi, ko a labarin 'yan bindiga. Ba mu cika fitowa a labarin daɗi ba.

3/ A Gusau na sayi famfon, da dubu 20 ɗin NELFUND ta wata ɗaya, na cika dubu 8 daga aljihuna. Bai fi ƙaramar gorar ruwa girma ba. Ɗan skirin, maɓallai, tocila a ka, da ɗan tiyo da ake ɗaurawa a bakin bawul. Da igiyar Type-C ake cajinsa, irin ta waya.

4/ Ko keke ba ni da shi fa. Don Kawu na saya, ƙanen Inna. Yana da tsohuwar Golf 3 da yake jigilar mutane da buhuna zuwa Anka. Sau biyu ina ganinsa zaune a bakin hanya, mota a kan jak, ana jiran mai mashin ya kai taya wurin mai faci ya dawo. A hanyarmu zaman nan ba hutu ba ne.

5/ Da na je hutu na miƙa masa, ina jiran sa albarka. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa da farce.
"Nawa kas saye shi?"
Na faɗa.
"Dubu ashirin da takwas? Da ka ba ni, ai da na sai taya Beljiyam guda. Wanga abin wasan yara na."
Ya mayar mini da abina. Ko kwalin bai buɗe sosai ba.

6/ Inna kuwa tambaya ɗaya ta yi da ta ji an ce akwai batir a ciki: "Babu dalma?"
Na ce babu, litiyam ne irin na waya, batirin mota ne mai dalma. Duk da haka ta ce kada in ajiye shi a ɗakin da Basiru yake kwana.

7/ Wanda bai san garinmu ba zai ce ƙauyanci ne. Ina da shekara 7 a 2010. A cikin gidaje ake dakan dutsen zinari, a turmi, wasu su kai injin niƙa. Ƙurar na sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Ashe dutsen cike yake da dalma.

8/ Yara suka fara jijjiga suna mutuwa. Wasu suka ce zazzaɓi, wasu sanƙarau, wasu iskoki. A watan Maris na shekarar likitocin MSF suka lura da abin. Daga Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, 'Yargalma ta Bukkuyum har Bagega, an ƙiyasta yara 400 ko fiye ne suka rasu.

9/ Ina tuna lokacin da aka zo kankare ƙasar gidajenmu a farkon daminar nan. Ana kwashe ta sama a buhuna, ana zubo sabuwa daga wani wuri. Mu yara abin kallo muka ɗauke shi. Basiru yana ɗan shekara 2, shi da Inna suna Anka ana ba shi maganin da ke fitar da dalma daga jini.

10/ Ya rayu, alhamdulillah. Yanzu shekararsa 17, ya fi ni tsawo. Amma maganarsa a hankali take fita, makaranta ba ta yiwu ba, kuma jijjigar takan dawo masa lokaci-lokaci. Mun saba. A kwantar da shi ta gefe, a janye abin da zai buge shi, ba a cusa masa cokali a baki. Minti biyu, uku, ta wuce.

11/ To ga laifina. Wuta a wurinmu sai a shagon mai caji. Wani dare wayata ta mutu, sai na tuna famfon nan yana da ramin USB, yana ba waya wuta. Na jona. Ba wani abin kirki nake yi ba wallahi, TikTok ne da hira da wata 'yar ajinmu. Layin caji huɗu ya koma biyu.

12/ Na ce gobe da safe zan kai shi shago. Gobe ta yi, na bi abokai gona ana yankan dawa. Na manta.

13/ Bayan la'asar ranar Basiru ya faɗi a zaure. Muka yi yadda muka saba. Ta lafa, kafin ya farfaɗo ta sake dawowa. Ta lafa, ta dawo. Tun da daɗewa an gaya wa Inna cewa in ta wuce minti biyar, ko tana maimaituwa bai dawo hayyacinsa ba, asibiti kawai.

14/ Kawu ya kawo mota har ƙofar gida. Inna a baya da kan Basiru a cinyarta, ni a gaba. Har mun tashi na ce a tsaya, na koma da gudu na ɗauko famfon. Kawu ya harare ni ta madubi, bai ce komai ba.

15/ Dareta zuwa Anka ba wani nisa ba ne. Amma duk ɗan yankin ya san lissafin: ba ka son magariba ta same ka a tsakani. Ba sai na yi bayani ba. Direbobi ma ba sa kunna rediyo a wasu wurare, kunne suke sawa.

16/ Ba mu yi rabi ba na fara jin "tak, tak, tak" daga baya ta gefen dama, yana bin juyin taya. Can motar ta fara ja gefe. Kawu ya tsaya. Ƙusa ce ta shige tsakiyar taya, kanta a waje.
Safaya fa? Safayar ita ce a ƙafar gaba tun sati biyu. Wadda ke but fasasshiya ce, ana jiran kuɗi.

17/ Kawu ya dubi rana, ya dubi hanya gaba da baya.
"Ɗauko abin ga naka."
Na ɗauko.
"Cike shike da caji?"
Na ce, "Akwai dai, Kawu."
Ban taɓa jin kunyar kalma uku irin wannan ba.

18/ Na ɗaura tiyo, skirin ya nuna 9. Na kai hannu zan zare ƙusar, ya buge mini hannu. Tayar tubles ce, ƙusar ita ce ta toshe ramin da ta huda. Ka zare ta, ka buɗe wa iska ƙofa.
Na saita 32. Ya ce, "Kak ka cika ta. Ba ta abin da za ta ɗaga dai."

19/ A lokacin na ɗauka gaggawa ce kawai. Daga baya na gane lissafi ne. Famfon yana saurin kai taya daga 9 zuwa 20, amma daga nan zuwa 32 da ƙyar yake turawa, nan yake shan batir. Kuma taya mai huda, iya cikarta iya saurin zubar iskar. Kawu bai san PSI ba, amma ya san wannan.

20/ Na tsayar a 22. Minti huɗu ko biyar. Layi biyu ya koma ɗaya. Muka shiga, Kawu na tafiya a giya biyu yana kauce wa ramuka. Ina jin "tak, tak" ɗin nan kamar bugun zuciya. Sai kawai na daina jinsa. Ƙusar ta fita.

21/ Inda muka tsaya karo na biyu, wuri ne da ko fitsari ba a tsayawa yi. Dawa ta rufe gefe ɗaya, ɗaya gefen daji. Netwok babu. Basiru ya sake shiga jijjiga, ina jin ƙafarsa na bugun ƙofa. Inna na ta addu'a can ƙasa-ƙasa.

22/ Abin da Kawu ya yi ban taɓa gani ba. Ya sa na tura motar kaɗan har ramin ya zo inda hannu zai kai. Ya shafa yawu, kumfa ta nuna wurin. Ya kwance sukuru ɗaya daga lambar mota, ya naɗe shi da siririn yankin roba, ya shafa sholisho, ya murɗa shi cikin ramin da sukudireba har kansa ya kwanta.

23/ "To, bismillah."
Na kunna. Wanda bai taɓa jin ƙarar abin nan ba, ba shiru gare shi ba ko kaɗan. A cikin gari ba ka damuwa. A dajin da ko tsuntsu ya yi shiru, ji na yi kamar na tayar da janareto. Na cire rigata na lulluɓe shi.

24/ Kawu ya fizge rigar. Da gaskiyarsa: abin yana zafi sosai in yana aiki, in ka toshe masa iska zai kashe kansa ko ya ƙone. Na tsuguna ina kallon lamba. 5. 8. 11. Layin ƙarshe ya fara ƙyaftawa.

25/ A 13 muka ji mashina. Ba ɗaya ba. Daga bayanmu suke tahowa.
Ba wanda ya kalli wani. Kawu ya miƙe tsaye ya goge hannu a wando, a hankali, kamar mai shirin gaisawa da baƙi. Ni hannuna na kan famfon, na rasa in kashe ko in bari. Na bari.

26/ Mashin uku ne, kowanne da buhun waken suya a baya. Manoma ne su ma suna tseren magariba. Na gaba ya rage gudu ya ce "Lahiya?" Kawu ya ce mara lafiya ne a ciki. Mutumin ya leƙa, ya ce wa 'yan uwansa su wuce, shi zai bi mu a baya. Ban san sunansa ba har yau.

27/ 16. 17. Ƙarar ta fara ja kamar rediyon da batirinsa ya mutu. 18. Ɗif.
Na kwance tiyon da sauri, ƙarfen bakin ya ƙona mini yatsu biyu. Tayar ba ta cika ba, amma ta ɗaga daga ƙasa. Kawu ya danna ta da ƙafa ya ce mu tafi.

28/ Ana kiran sallar magariba muka shiga Anka. A asibiti aka yi masa allura, jijjigar ta tsaya. Kwana uku muka yi. Da ya farka abin da ya fara tambaya shi ne takalminsa, ɗaya ya faɗi a zaure.

29/ Da safe mai faci ya ga sukurun ya yi dariya har da tafi. Ya cire ya sa igiyar tubles. Amma da ya duba gefen tayar ya ce ta ci wuya, tafiya da ƙarancin iska ta murƙushe ta daga ciki. Sai da Kawu ya canja ta. Dabarar sukuru ta kai ka gari ce kawai, kuma in hudar a gefen taya take, ba ta yi.

30/ A teburin mai shayi na gaya wa Kawu gaskiya, cewa cike yake na shanye rabi da waya. Da layi huɗu ne, da tun tsayawar farko hankalina a kwance yake, da kuma ta biyu mun cika ta. Ya daɗe yana juya shayinsa.
"Wayar taka dai ta cika ko?"
Da mari ya yi mini da ya fi sauƙi.

31/ Masu tambaya ko su saya: ku saya, amma ku san me kuka saya. Ba ya faci. In taya ta fashe ko ta zame daga bakin rim, ba shi da ƙarfin mayar da ita, sai injin mai faci. Aikinsa taya mai zubar da iska a hankali, da ƙari kafin a kama hanya.

32/ Lambar da za ka saita ba wadda ke rubuce a jikin taya ba ce, waccan iyakar abin da tayar za ta ɗauka ce. Ta motarka tana kan takarda a jikin ƙofar direba, a Golf kuma a cikin murfin tankin mai. Ƙananan motoci yawanci 30 zuwa 35 PSI. In da bar aka rubuta, bar 1 kusan PSI 14.5 ne.

33/ A auna da safe kafin a yi tafiya, don taya mai zafi tana nuna fiye da gaskiya. Kada a bar shi a kan dashbod cikin ranar Maris da Afrilu, batirin litiyam ba ya shiri da zafi. In ya yi aikin minti bakwai, takwas, a bar shi ya huce. In da hali a nemi mai igiyar da ake jonawa a ramin sigarin mota, da namu yana da ita da duk wannan labarin bai taso ba.

34/ Ramin USB ɗin nan kuwa na liƙe shi da salatif baƙi, ninki uku.

35/ Famfon yana wurin Kawu yanzu, a ƙarƙashin kujerarsa cikin tsohuwar safa. Bai biya ni ba, bai kuma janye maganar abin wasan yara ba. Duk ranar Juma'a yake aika Basiru da shi shagon mai caji, shi ne aikinsa, kuma ba ya yarda kowa ya riƙe masa. Jiya Kawu ya kira ni wai wani direban Bagega yana son irinsa, nawa zan samo masa a Gusau.