Motar Da Aka Ajiye A Hunturu



Hausawa sun ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, kuma wannan magana ta hau kan mota daidai. Duk wanda ya zaga gidajen ma'aikatan Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru zai ga motoci tsaye cikin gareji ko ƙarƙashin bishiya, ƙura ta lulluɓe su. Wasu masu su sun tafi ƙarin karatu ƙasashen waje. Wasu kuwa sun jingine su ne tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Da yawa suna zaton mota na hutawa ne idan an ajiye ta, alhali kuwa lalacewa take yi a hankali.

A Kanada ko Rasha, abin tsoro shi ne ruwan lagireto ya daskare ya fasa inji. Sanyin Zariya bai kai nan ba. Namu hunturun, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura yake kawowa daga Sahara, da bushewar iska, da sanyin asuba.

Wani maƙwabcina ya taɓa barin mini makullin motarsa zai yi tafiyar wata huɗu. Kafin ya tashi muka kai ta wajen wani dattijon bakanike a Sabon Gari, kuma abin da ya koya mana shi nake son in isar.

Farko batir. Ko mota a kashe take, agogo da na'urorin cikinta suna shan wuta kaɗan kaɗan, sanyi kuma yana rage masa ƙarfi. Batir mai lafiya yakan nuna kusan bolt 12.6, kuma idan ya daɗe a sauke ba ya komawa yadda yake. Saboda haka a cire kan da ke da alamar ragi.

Kada a bar birkin hannu a ɗage tsawon watanni, domin yakan manne; a sa waigi a tayoyi. A ƙara musu iska, tunda nauyi a gefe guda yana sa taya ta baje. A canza baƙin mai kafin ajiya. A kwashe duk wani ɓurɓushin gyaɗa ko biskit, a toshe bakin salansa da tsumma, domin ɓera na neman ɗumi, kuma in ya shiga sai ya ci wayoyi. Ƙurar da ta kwanta a jiki, da ruwa ake wanke ta. Busasshen tsumma karce fenti yake yi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne batun ɗumama mota. Mun saba a tayar da ita minti biyar da safe a kashe. Dattijon ya ce wutar da tayarwar ta ci ta fi wadda minti biyar za su mayar, injin ma bai yi zafin kirki ba. Ko dai a bar ta gaba ɗaya, ko kuwa duk mako biyu a mayar da kan batir, a cire tsumman salansa, a tuƙa ta daga Samaru ta Kwangila har Sabon Gari a dawo.

Ya ɗan'uwa, idan an bar maka makulli, amana aka ba ka, kuma riƙon amana bai tsaya ga kare ta daga ɓarawo ba. Wanda ya tara kuɗin shekaru ya sayi mota, bai kamata ya dawo ya tarar da matattun tayoyi da sheƙar ɓera ba. In ka san ba za ka iya kula ba, faɗa masa tun kafin ya tafi, ya nemi wani.

Allah Ya ba mu ikon sauke nauyin da muka ɗauka, amin.

Wassalam.