Takardar Wankin Hoto Tana Neman Ƙaranci

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwa labarin abin da na gani a Nasarawan Doya, cikin ƙasar Maƙarfi. Ƙasa ce mai albarkar fadama, rakenta da mazarƙwailarta sun san kasuwannin Zariya da Kano. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsofaffin hotuna baƙi da fari da ke rataye a zaurukan dattawa: na alhazai, da na 'yan makaranta, da na wani soja da aka ce ya yi yaƙin Bama. Sun shekara da yawa, amma fuskokin suna nan sarai. Na nemi mai wankin irinsu a ɗakin duhu ban samu ba, gama yanzu kowa da wayarsa.

Jama'a, sirrin ƙarkon hotunan nan yana ga takardar. Ana shafe fuskarta da gishirin azurfa cikin wani danƙo na ƙashi da fatar dabbobi. Haske ya bi ta filim ya faɗa mata, a tsoma ta cikin ruwan magani, sai siffa ta fito. In an ɗauraye ta da kyau, tana iya wuce shekara 100.

To, masu yin takardar nan sun ragu ƙwarai. Kamfanin Kodak na Amurka ya bar yin ta a 2005, a shekarar kuwa AgfaPhoto na Jamus ya karye. Forte na ƙasar Hangare ya rufe a 2007. Ilford na Ingila ya durƙusa a 2004, sai manyan ma'aikatansa suka saye shi a 2005, har yau suna yi a Mobberley. Akwai kuma Foma na ƙasar Cek, wanda aka kafa tun 1921. Watau sana'ar ba ta mutu ba, amma ta rataya ga masana'antu 'yan kaɗan, ga tsadar azurfa, ga ta canjin kuɗi kafin kwali ɗaya ya iso mana.

Saboda haka abin da ke hannunmu shi ne dukiyarmu. Malamai da akawuna, ku taimaki dattawa. A raba hoto da damshin damina da gara, kada a bar rana ta riƙa dukansa. A rubuta sunan mai shi da shekara a bayansa da fensir, gama tawada tana ɓata shi. Wanda ya gaji tsohon filim kada ya yar, don daga gare shi ake sake wanko wani. Hotunan sarauta da na makarantu kuwa, a kai kwafinsu Gidan Arewa a Kaduna tun masu gane fuskokin suna da rai.

Haza wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta, Maƙarfi.