Saura Kwana 39

A kowane zango namu akwai irin mutumin nan: da safe malami ne ko tela, da la'asar kuwa sai ya ɗaura takalmi ya nufi filin ƙwallo. Ba a biyansa ko anini, shi ma bai taɓa tambaya ba. Irinsa ne Bernard Vann, mutumin Ingila, wanda muke so mu tuna a yau.

An haife shi a garin Rushden a 1887. Yana koyarwa a makaranta yana kuma buga gaba a ƙungiyoyin yankinsu, har a 1907 ya buga wa Derby County wasa 3. A lokacin ƙwallo ta riga ta zama sana'a a Ingila, amma shi bai mai da ita hanyar cin abinci ba. Ya wuce Jami'ar Cambridge, ya zama limamin coci, ya kuma ci gaba da koyarwa a makarantar Wellingborough.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, ya nemi a ɗauke shi limamin soja. Da ya ga ana jan ƙafa, sai ya shiga cikin mayaƙa. An ji masa rauni ba sau ɗaya ba, ɗan'uwansa ya kwanta dama a fagen fama a 1915, shi kuwa ya ci gaba har ya kai muƙamin laftanar-kanar. Ran 29 ga Satumba 1918, cikin hazo mai kauri, ya ja bataliyarsa suka haye mashigin ruwan Saint-Quentin a arewacin Faransa. Ran 3 ga Oktoba harsashi ya same shi a Ramicourt. Shekarunsa 31, saura kwana 39 a tsagaita wuta. Lambar Victoria Cross, wadda babu ta sama da ita wajen jarumta a sojan Birtaniya, sai bayan ransa ta zo. Ya bar matarsa da juna biyu, ɗan da ta haifa bai taɓa ganin mahaifinsa ba.

Mun san wannan duka ne domin ƙungiya ta rubuta wanda ya buga mata, makaranta da runduna su ma sun ajiye littattafansu. Yaƙin nan kuwa bai tsaya a Turai ba. Kakanninmu sun riƙe bindiga, wasu sun ɗauki kaya a ka, a Togo da Kamaru har Gabashin Afirka. Da yawansu an binne su babu suna a kan kabari, balle a san abin da suke yi da la'asar kafin a kira su.

Saboda haka kada mu raina rubuta suna. Dattawan da suka kafa ƙungiyoyin ƙwallon unguwanninmu, wasunsu suna nan da rai. Mu je mu zauna da su, mu tambaye su wa ya tsare gida, wa ya buga gaba, wa ya tafi soja bai dawo ba, mu rubuta tun suna iya tunawa.