Kornaka sai ranar kasuwa

Kornaka gari ne cikin gundumar Dakwaro, jihar Maraɗi. Wanda ya fito daga Maraɗi zai bi hanyar Yamai, ya wuce Tibiri, sannan mota ta karya dama ta miƙe arewa. Ita ce hanyar Dakwaro. A da jar ƙasa ce mai gargada, yanzu an zuba mata kwalta. Matafiyi zai wuce Sabon Mashi, can gaba sai Kornaka. In ya zarce, Dakwaro ce gabansa.

Yawancin masu bin wannan hanya ba su sauka. Mota ta tsaya, yara su miƙo ruwa da dafaffen ƙwai ta taga, direba ya sauke mutum biyu ya ɗauki uku, a wuce. Wanda ya ga garin haka sai ya ce babu kome cikinsa in ban da tasha da ƴan rumfuna. To, rana ce bai dace da ita ba. Kornaka sai ranar kasuwa. Sau ɗaya take ci a mako, kuma duk direban da ke tashar Dakwaro a Maraɗi ya san ranar.

Tun daga cikin mota baƙo zai ga ƙasa tana sakewa. Kusa da Maraɗi gonaki sun haɗe, itace da yawa. Da an yi arewa sai jigawa, rairayi fari da ja, ga gawo da aduwa da kalgo da sabara nan da can. Ruwan sama na ƙasar bai cika wuce milimita 400 da wani abu a shekara ba, wata shekara ma ba ya kaiwa. Hatsi da wake su ne abin noma, sai dawa a kwari, sai yakuwa da riɗi da mata ke sawa a gefen gona. Gulbin Kaba ya ratsa ƙasar. Sunansa gulbi, amma baƙo kada ya sa rai da ganin ruwa yana gudu: tsohon kwari ne da ya biyo ta ƙasar Tasawa da Mayahi, abin da ya rage masa shi ne goriba da kaba. Daga nan tabarmi da igiyoyi da faya-fayan da ke cika kasuwa suke fitowa. Ruwan sha kuwa yana nesa ƙarƙashin ƙasa. A wurare da yawa na ƙasar Dakwaro rijiya ta wuce mita 50, sai an ɗaura wa sa ko raƙumi ko jakkai igiya su ja guga.

Garin shi ne mazaunin sarkin kanton Kornaka, kanto mai faɗi ƙwarai. Da aka kafa ƙananan hukumomi aka yi zaɓensu a 2004, sai kanton ya rabu gida biyar: Kornaka, Sabon Mashi, Ajekoriya, Ɗan Gulbi da Maiyara. Ƙaramar hukumar Kornaka kaɗai, ƙidayar 2012 ta samu wajen mutum dubu 140 cikinta, mafi yawansu a ƙauyuka da tungaye da rugage. Hausawa ne suka fi yawa, ga Fulani, ga Buzaye. A nan aka haifi Sanusi Tambari Jaku a 1940, masanin tattalin arziki kuma ɗan siyasa, wanda ya yi shekara 11 a tsare zamanin Seyni Kunce, daga baya ya kafa jam'iyyar PNA Al'umma. Ya rasu a 2022.

Ranar kasuwa, tun hantsi hanyoyin ƙauye suke cika. Ga amalanken shanu ɗauke da buhuna da mata da yara, ga na jakkai, ga ƴan kabu-kabu sun ɗaure akuya biyu a bayan babur. Makiyaya da yawa tun jiya suka kwana bayan gari da bisashensu. Amma kasuwar ƙauye ba ta cika da wuri. Wanda ya zo da sassafe zai tarar ana share rumfuna ne kawai. Sai rana ta take tsaka take batsewa.

Baƙo zai iya fara zagayensa ta wajen ƴan koli da masu atamfa, sai dai babu abin da zai gani nan wanda babu a Maraɗi: takalman roba, tocila, batir, sabulu, ashana, yawancinsu ta Najeriya suka shigo. Akwai masu cajin waya da faifan hasken rana. Akwai masu maganin bature a tire, wanda rana ta gasa tun safe. Wannan kam gara mutum ya wuce shi ya tafi likita. Ya fi kyau ya nemi layin masu kanwa da gishirin Bilma, da mata masu daddawa da kuka da kuɓewa busassa, da Fulani masu nono da man shanu, da Buzaye masu cuku. Nan ne ƙamshin ƙasar yake.

Amma kasuwar Kornaka wuri biyu ne ke riƙe da ita: wajen awo da wajen bisashe. Wanda yake son ya san halin da ƙasar take ciki bana, ba sai ya je ofishin kowa ba. Ya tambayi kuɗin tiyar hatsi, ya taka ya tambayi kuɗin akuya, ya haɗa su biyu.

Ga yadda lissafin yake. Tiya ɗaya ta hatsi wajen kilo biyu da rabi ce, wato buhu mai kilo 100 tiya 40 ke nan. A ce da kaka tiya tana dala 80. Buhu ya kama dala 3200, wato jika 16. A ce kuma akuya mai ƙiba tana jika 20. Makiyayi ya saida akuya guda ya ɗauki buhu, har da canjin sukari da shayi. To, a dawo watan bakwai. Rumbuna sun yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, a ce tiya ta kai dala 160, buhu jika 32. Akuyar nan kuma ta sha rani ta rame, kowa ma bisa ya kawo saidawa, da ƙyar a taya ta jika 15. Yanzu akuya biyu ba su sayen buhu ɗaya. Waɗannan kuɗi misali ne kawai, kowace shekara da nata, amma haka abin yake juyawa.

Manomi ma bai tsira ba. Da kaka shi ne mai saidawa, don lokacin ne bashi da haraji da biki da tufafin yara suke taso masa gaba ɗaya, kuma lokacin ne hatsi ya fi araha. Ƴan kasuwa su auna su loda kamyo, a kai manyan sito na Maraɗi. Da damina sai ga shi ya dawo wajen awon nan da ƴar jakarsa, yana sayen hatsi ninki biyu na yadda ya saida, wani lokaci da kuɗin da ya samu a ƙwadago cikin gonar wani, tasa gonar tana jiran noma. Mutanen ƙasar ba su manta 2005 ba. Fara da ƙarancin ruwa sun ɓata daminar 2004, buhun hatsi ya kai wajen jika 30 a kasuwannin jihar Maraɗi, kuɗin da ba a saba ji ba a lokacin, har likitocin ƙungiyar MSF suka buɗe wurin jinyar yara masu tamowa a Dakwaro. Abin da ya fi ciwo a shekarar, akwai hatsi a kasuwa. Kuɗin saye ne babu.

Saboda haka ne aka yi ta kafa bankunan cimaka a ƙauyuka, da tsarin nan da ake kira warantaj: manoma su tara amfaninsu cikin sito da kaka, a kulle, a ba su rance a kansa, in kuɗin hatsi ya tashi su biya su kwashi abinsu. Dabara ce mai kyau. Inda take lalacewa shi ne wajen littafi. In cikin ƴan kwamiti mutum ɗaya ne tak ya iya rubutu da lissafi, to sito nasa ne, ko da ba a faɗa ba. Haka ma a wajen awo. Tiya ba duka ɗaya ba ce: akwai wadda aka bubbuga gindinta ta ƙara zurfi, ita ake saye da ita, akwai ƙarama ta saidawa. Akwai kuma hannun da mai awo ke karewa da shi a bakin tiya don tozo ya ƙaru. Ba kowane ma'auni ke haka ba, da yawa masu tsoron Allah ne. Amma macen da ta yi yaƙi da jahilci, tana ƙirga tiya tana ɗigawa a takarda, ba a cika yi mata wannan wasa ba.

Wajen bisashe kuwa sai mutum ya toshe hanci don ƙura. Ga jajayen shanun Bororo masu dogon ƙaho, ga na Azawak, ga tumaki uda masu rabi fari rabi baƙi, ga balami manya, ga jar akuyar Maraɗi wadda fatarta ta yi suna har Turai, ga jakkai da raƙuma a gefe. Raguna mafi kyau sau da yawa na mata ne, waɗanda suka turke su a gida wata da watanni suna ba su dusa da harawa don Babbar Salla. A nan mai bisa ba ya ciniki da bakinsa. Dillali ne ke riƙe igiya, shi ke tayawa, shi ke cewa albarka, shi ke sallamawa, ya karɓi la'ada. Aikinsa ba cin banza ba ne: shi ne shaida cewa bisar ba ta sata ba ce, in magana ta taso gobe shi za a nema. Amma mai hankali yana tsayawa kusa ya ji da kunnensa nawa aka biya. Bayan ciniki akwai tikitin hukuma a kan kowace bisa. Wannan kuɗi na cikin abin da ƙaramar hukuma ke dogara da shi, don haka mutanen gari na da hakkin su tambayi inda yake shiga.

Manyan masu sayen bisashe kudu suke kai su, Maraɗi, Ɗan Isa, Jibiya, har cikin Najeriya. Shi ya sa duk abin da ya taɓa iyaka ko darajar naira, sai an ji shi a Kornaka mako mai zuwa. Tsofaffi na kiran yunwar 1984 da sunan El Buhari, don shekarar ce gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyaka, fari kuma ya zo ya haɗu da rufewar. An sake rufe ta daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, aka kuma rufewa bayan juyin mulkin Yuli na 2023, sai a watan Maris na 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangare. Duk lokacin da aka yi haka, rago na faɗuwa, kayan kanti na tashi.

Abin da baƙo zai lura da shi kuma, manomi da makiyayi a kasuwar nan ba su da yadda za su yi sai da juna. Wannan na son nono da taki da san noma, wancan na son hatsi da kara da harawa. Amma da an fita bayan gari, ƙasa ɗaya suke nema. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, a ƙasar Dakwaro wajen kwarin Tarka take, abin da ke arewa da ita na kiwo ne. Jama'a sun ƙaru, gonaki sun tsallake iyakar tun da daɗewa, a kudu kuma sun matse burtali da mashaya. Kornaka na kan hanyar garke: da damina su hau arewa, da kaka su gangaro. In suka gangaro kafin a kwashe amfani a saki gonaki, nan ne ake samun ɓarna, ɓarna kuma ta kan kai ga jini. Abin da ya faru a Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, a watan Oktoba na 1991, inda aka kashe mutum sama da 100, yawancinsu mata da yaran Fulani, ba nesa ba ne da nan. Bayan haka ne aka yi dokar ƙasar karkara ta 1993, aka kafa kwamitocin kula da filaye, aka kafa turakun siminti a gefen burtali, aka ƙara da dokar kiwo ta 2010. Matafiyi zai ga turakun nan daga cikin mota. Wani wuri hanyar shanu na nan a buɗe tsakaninsu. Wani wuri kuwa hatsi ne ya tsaya har bayan turke.

Kafin baƙo ya tafi, ya kamata ya zauna rumfar mahauta ya sa a yanka masa balangu, a barbaɗa yaji, ya kora da fura da nono. Naman ranar kasuwa ne, da safe aka yanka. In zai yi tsaraba, tabarmar kaba da cuku sun fi kome, sai ya taya rabin abin da aka faɗa masa a hau daidaitawa. Ya riƙe ƙananan kuɗi, don canjin jika 10 na da wuya a rumfar mata. Ya kuma kula da aljihunsa wajen cunkoso, kamar kowace kasuwa.

Da la'asar sakaliya kasuwa take fara watsewa. Kamyo na lodin shanu da buhuna, masu amalanke na ɗaure kaya don su isa gida kafin duhu, dillalai na zaune suna raba la'ada. Wanda zai koma Maraɗi ya nemi mota kafin magariba. Bayan nan motocin da suka rage na kaya ne, sai dai mutum ya hau bisa buhuna, ko ya nemi mai masauki ya kwana.